Faɗuwar da Kawu Bai Tashi Ba

Kawuna ya rasu ranar wata Lahadi a unguwar Tremont, nan Amurka, a tsakiyar taron suna, yana kwance a ƙasa mutane na yi masa dariya har da tafi. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Na faɗi abin a dunƙule tun daga farko ne don in huta, domin duk wanda na sanar wa da baki sai da ya sa na maimaita.

Ni aka ɗora wa kiran wansa da ke Damagaram. Na gaishe shi na ce, "Kawu Babba, sai haƙuri, ƙanenka ya rasu." Sai tsoho ya ƙyalƙyale da dariya a kunnena.

"Karo na nawa ke nan?" ya ce. "Miƙa wa mamacin waya mu gaisa."

Na sake faɗa masa, na ce wannan karon ba wasa ba ne. Can sai na ji ya fara salati, yana kiran ƙanen nasa da wani sunan ƙuruciya da ban taɓa ji ba.

Haka aka yi ta fama da kowa. Mai shagon da ke kusa da teburin Kawu ya ce shi ba zai yarda ba sai ya ga likkafani. Wata maƙwabciyarmu ta shigo gidan makoki ta zauna, tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, tana neman wadda za ta fara murmushi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi masa wanka ya gaya wa mijina cewa har aka gama yana ta jiran ya ji gawa ta yi atishawa. Ni kaina da na ga an fito da shi a asibiti, ban yi kuka ba. Tsayawa na yi baki buɗe, kamar wadda aka mara ba ta san laifinta ba.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta je sunan ba, ciwon ƙafa ya hana ta. Amma wani mai ƙaiƙayin hannu ya ɗauki abin a waya, kuma kafin mu farga hoton ya isa gare ta. Sau ɗaya ta kalla. Ta kife wayar a kan tabarma ta ce duk namijin da ke ɗakin nan a ranar, kada ya hau mata bene da sunan gaisuwa. Wanda ta fi nufi kowa ya san shi: aminin Kawu, direban tasi da muke kira Baban Kumasi. Shi ne a hoton durƙushe kusa da Kawu, da kwano a hannu, yana tauna nama.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya zo ya faka motarsa a gaban ginin su Inna a unguwar Mount Hope ya zauna a ciki. Ba ya hawa, kuma ba ya tafiya sai an kira magariba. Ni ce ke zaune da Inna a kwanakin, kuma in na sauko zubar da shara sai ya sauke gilashi ya ce da Hausarsa ta Zangon Gana, "'Yata, Hajiya ya ci abinci?" In amsa masa a daƙile in wuce. Mutumin da ya fi kowa kusa da Kawu, shi kaɗai ne bai samu ya ce wa matarsa yaya haƙuri ba, kuma abin na cinsa, kowa na gani.

Dole in yi bayanin kwanon nan, in ba haka ba za a ɗauka mutumin ba shi da zuciya. Bayanin kuwa sai an bi ta Italiya.

Kafin Kawu ya zo Amurka ya yi shekaru a can. Ya tsinki tumatir, ya yi dako a kasuwa, daga baya ya faɗa hannun wasu 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari a cikin tsohuwar mota. Shi ke loda musu katako da labule, shi ke saukewa. Wasansu na kakanni ne. Ana rufe fuska da fata, ba a haddace magana, sai dai a san ƙashin labarin kowa ya cike da bakinsa, kuma kusan kullum akwai baran gida mayunwaci da ubangidansa marowaci. A wurinsu Kawu ya ji kalmar da ya zo mana da ita, lazzi. Ana faɗinta kamar latsi, in guda ɗaya ne kuma a ce lazzo. Wasu guntayen barkwanci ne da kowane ɗan wasa ke ajiye da su a ka, ya riga ya goge su sarai. Ba sa cikin labarin. Amma da zarar wani ya manta abin da zai ce, ko labule ya maƙale, ko 'yan kallo sun fara hamma, sai baran gidan ya faɗo tsakiya ya shiga farautar ƙudan da babu shi. Ya bi shi, ya kama, ya fige masa fiffike, ya cinye yana lashe yatsa. Kafin a gama dariya an gyara abin da ya ɓaci, labari ya ɗora.

Kawu ya ce akwai tsofaffi biyu a cikin 'yan wasan da ke musu a kan asalin kalmar tun daga tashin mota har saukarta. Ɗaya ya ce daga kalmarsu ta aiki ko motsi aka gutsuro ta, azione. Ɗayan ya rantse daga lacci ta fito, wato igiya ko maɗauri, saboda ɗaure wasa take yi inda ya tsinke. Autar Kawu da ta shiga kwaleji ta je ta bincika, ta dawo ta gaya masa da Turanci cewa malaman can ma ba su daidaita ba.

"Bon," in ji Kawu da ɗan Faransancinsa, wato madalla. "Tunda malamai ba su gama ba, ni na ɗauki igiya."

Ta ce ba a zaɓen asalin kalma kamar ana zaɓen hula a tebur. Ya ce to ita ta riƙe motsinta, kowa da kayansa. Har ya rasu suna wannan musun, shi da Hausa ita da Turanci, kuma ina jin don kada hirar ta ƙare ne kowa ya ƙi sauka.

Mu dai igiyar muka gani. Mutanenmu a nan a matse suke. Wannan ya kwana yana tuƙi, waccan ta wuni tana ɗaga tsohuwar Baturiya daga gado, sannan a tara Banijare da ɗan Gana da Bakano a ɗaki ɗaya, kowa na ganin Hausar ɗan'uwansa ce karkatacciya. Taro ba ya rasa inda zai tsinke. Kawu kuma bai taɓa yin sulhu da baki ba. Na tuna ranar da manyan mutane biyu suka riƙe wuyan rigar juna a kan wa zai ajiye makullin ɗakin taronmu. Ana ta a yi haƙuri a yi haƙuri, ba mai ji. Sai ga Kawu a gefe ya shiga kokawa da babbar rigarsa. Wai zai gyara ta a kafaɗa, kansa ya shige hannun riga, ya ɓace a ciki, sai muryarsa kake ji yana roƙon a cece shi. Ya yi tangaɗi har ya faɗa tsakanin masu faɗan, kowannensu ya kama hannu ɗaya yana ja. Kafin su fiddo kansa sun manta da makulli.

Amma kada a ɗauka mutum ne mai fara'a. Wanda ya san shi a teburinsa kusa da tashar jirgin ƙasa, inda yake sayar da lema da safar hannu da hular sanyi, zai rantse bai san dariya ba. Fuska a murtuke, ciniki magana biyu. A tsaye yake cin abinci ko a gida ne, Inna ta yi faɗan har ta gaji. In yara suka kewaye shi suna cewa Kawu yi mana ƙuda, sai ya kore su ya ce shi ba rediyo ba ne. Abin da yakan ce shi ne, "Ni ba na wasa sai abu ya tsinke." Duk mun san wannan maganar tasa, kuma ita ta cuce mu.

Mafi girma a cikin lazzinsa shi ne mutuwa, kuma ba ya fito da ita sai rigima ta gagari ƙuda da riga. Zai miƙe kamar mai shirin magana, ya dafe ƙirji, ya yi baya-baya ya zube. Sai ɗaki ya yi tsit. Daga nan Baban Kumasi ya taso ya zagaye shi, ya girgiza kai ya ce, "To jama'a, tunda ya mutu, nama bai kamata ya lalace ba." Ya durƙusa ya ɗauki kwanon Kawu. Da ya kai tsoka baki sai mamaci ya zabura ya cafke masa hannu, su shiga birgima a kan ƙashi. Ko ka gani sau goma sai hawaye ya zubo maka don dariya.

Inna ta tsani wannan wasan tun ranar da ta fara ganinsa. Ina gidan wata rana suka yi ta a kai.

"Mutum da furfurarsa, kana sahun gaba a masallaci, ka riƙa kwanciya a ƙasa kana kiran mutuwa?" ta ce. "Ka yi ƙudanka, ka yi rigarka, ban hana ka ba. Wannan kam ban yafe ba."

"Hajiya, in ta zo ai ta tarar na iya."

Ta tashi ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ni da ba a kasa da ni ba na sa baki na ce Inna ce da gaskiya. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Ke kin taɓa raba faɗa?" Ban taɓa ba. Bakina haɗawa ya iya. Sai da Inna ta yi kwanaki ba ta kula shi ba kafin ya yi mata alkawarin ya bari, kuma ya riƙe alkawarin na ɗan lokaci. Daga baya wata rigima ta taso a wurin ɗaurin aure, ya sake zubewa, aka roƙi kowa kada labari ya kai Mount Hope. Ya kai kafin shi ya kai.

Abin da ba zan manta masa ba kuwa ba dariya ba ne. Lokacin da mahaifiyata, ƙanwarsa, ta rasu can gida, takarduna ba su fito ba, in na fita daga Amurka ba dawowa. Aka binne ta ina nan ina kallon bango. Kawu ya rufe teburinsa a tsakiyar damina, lokacin da lema ke tafiya, ya zo ya zauna a falona. Kullum sai ya zo. Ba ya wa'azi, ba ya ce min in daina kuka, sai ya ja carbi ya kalli taga. Na yi ta jiran ya fara shirmensa in samu wanda zan sauke wa haushina, bai ba ni wannan damar ba. Sai ranar da ya ga na ture abinci har mijina ya fara ɗaga murya, sannan ya miƙe zai tafi, ya ɗauki lemarsa, lemar ta buɗe da kanta. Ya rufe, ta buɗe. Ya danne ta da gwiwa, ya zage ta da Italiyanci, ta kama masa gemu. Dariya ta ƙwace min a tsakiyar kuka, na yi ta yi har cikina ya ƙulle. Da na ɗago ya riga ya tura min kwanon gabana ya fice, ko sallama bai yi ba.

To, ranar Lahadin. Sunan ɗan wani Banijare ne da matarsa 'yar Gana, a ɗakin taronmu na ƙarƙashin wani shago. Dangin uba sun zo da limaminsu, dangin uwa sun zo da nasu, kowane ɓangare na son nasa ya yi addu'ar rufe taro. Ina ɓangaren mata bayan labule muna zuba shinkafa, muka ji muryoyi na hawa. Sai ƙarar kujera ta faɗi, ɗaki ya yi tsit. Sai muryar Baban Kumasi: "To jama'a, tunda ya mutu." Dariya ta ɓarke. Matar da ke kusa da ni ta ce yau ma Inna za ta sha labari.

Mijina da ke wurin ya ba ni labari daga baya cewa Kawu ya miƙe, ya dafe ƙirji, ya yi baya ya zube, komai a inda aka saba ganinsa. Ana rigima, Kawu ya faɗi, wa zai kawo wani tunani? Baban Kumasi ya ci tsoka, Kawu bai tashi ba. Ya ci ta biyu. Ya ce tunda haka ne hular ma ta zama gado, ya cire ya sa a kansa. Ya koma kan takalmi. Mutane suka ɗauka sabon salo ne, dariya ta ƙaru har da masu buga ƙafa. Mu a bayan labule mun ji yadda ta yi tsawo, ta fara sirancewa, ta zama ta mutum ɗaya-ɗaya. Limamin 'yan Gana ne ya sunkuya ya taɓa wuyan Kawu, ya ɗago ya ce a kira motar asibiti.

Likita ya ce zuciya ce. Autar Kawu ta tambaye shi, da an kira da wuri fa? Ya ce ba zai iya yanke mata hukunci ba. Da ya ce mana ko an kira ba abin da zai canja, da mun samu abin riƙewa. Wannan amsar tasa ita ta hana mu barci, ita ce kuma ta tsare ƙofar Inna.

Har aka yi sadakar arba'in Baban Kumasi na cikin motarsa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mata sun roƙi Inna, ta ce a bar maganar. Kashegarin sadakar da yamma, baƙi sun watse, na gan ta tsaye a taga ta jima tana kallon titi. Ba ta juyo ba ta ce, "Je ki ce ya hau."

Ya hau yana hutawa a kowane bene. Ya cire takalmi, ya ƙi shiga falo, ya zauna a bakin ƙofa. Inna na cikin ɗakinta na takaba, labule a tsakaninsu, ni ina tsaye inda nake ganin su biyun. Ya fara gaisuwa ta katse shi.

"Alhaji, tambaya ɗaya gare ni. Sauran 'yan kallo ne, na bar su da Allah. Kai fa? Shekara da shekaru kuna abin nan tare. Yaya aka yi ka kasa bambance faɗuwar wasa da ta gaske?"

Ya dubi labulen ya ce:

"Hajiya, na bambance."

Labulen ko motsi bai yi ba.

"Akwai abin da muke yi, ba wanda ya sani," ya ce. "In na durƙusa zan ɗauki kwano, sai ya sosa min idon sawu da yatsa. Wato ina nan, ci gaba. Ran nan na durƙusa, bai sosa ba. Na matsa ƙafata na jingina da hannunsa. Hannun ya yi nauyi, Hajiya. Na ce a raina in na ci naman zai tashi, don kullum a nan yake tashi. Na ci, bai tashi ba. Na ce bari in taɓa hula, ba ya son a taɓa masa hula. Ina jin mutane na dariya, ni ina kiransa a cikina. Na ga in na ajiye kwanon nan na ce a taimaka, ya mutu ke nan. In ina wasa kuwa yana nan tukuna. Ban san yadda zan tsaya ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ashe ya sani. Ashe duk lokacin da ake buga ƙafa akwai mutum ɗaya a ɗakin da ya sani, kuma yana tauna. Wallahi da Inna ta ce in tura shi ƙasan bene, da na tura. Na zuba wa labulen ido ina jiran umarni.

Sannan Inna ta yi magana, muryarta ta sauka.

"Alhaji, tun da aka yi rasuwar nan, akwai wanda ya yi maka gaisuwa?"

Ya girgiza kai. Da yake ba ta ganinsa, ni na faɗa mata. Na ce, "Ya ce babu, Inna."

"To," ta ce. "Alhaji, yaya haƙuri?"

Ya cire hula ya kife fuskarsa a ciki, kafaɗunsa na rawa, babban mutum a bakin ƙofar mutane. Inna ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta kuma ce in sallame shi ba. Jira ta yi, ni ma na zauna a ƙasa na jira, har ya samu ya ɗago ya ce, "Da godiya, Hajiya."

Allah Ya jiƙan Kawuna, Ya yafe masa, Ya sanyaya masa makwanci. Waɗanda suka yi dariya ranar nan, da wanda ya kasa ajiye kwano, su ma Allah Ya yafe musu.